Idan suna ya fi gurbinsa tsawo

A wannan mako za mu leƙa wani lungu da ba a cika shiga ba, can cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, domin mu ga wata muhawara da masana suka share shekaru suna yi a kan gurbi 16 kacal na rubuta suna. Wani zai ce: ina ruwan mutumin Matameye, mai noman gero da rake, da wannan zance? To, ruwansa yana cikin aljihunsa. Galibin manyan wayoyin salula da ke hannun matasanmu, daga Kance har zuwa Ɗan Barto, da tsarin Android suke aiki, shi kuwa Android a kan Linux aka gina shi, kuma a cikin Linux ɗin ne maganar ta taso. Sa'an nan sunayenmu da na ƴaƴanmu suna ta shiga cikin na'urori, daga rajistar haihuwa zuwa ta lakkwal. Saboda haka ya kamata mu san abin da ke samun suna idan ya fi wurin da aka tanadar masa tsawo, da kuma yadda masu hankali ke faɗaɗa wurin ba tare da sun rushe gidan ba.

Ƙwaya da katunanta

Kowace na'ura mai ƙwaƙwalwa, kwamfuta ce ko waya, tana da babban tsarin da ke tafiyar da ita. A tsakiyar tsarin akwai wani ɓangare da Faransawa ke kira «noyau», wato ƙwaya. Aikinta ya yi kama da na sarkin kasuwa: ita ke ba kowa rumfarsa, ita ke cewa wane ya dakata wane ya shigo, ita ke hana wani ya zuba kayansa a rumfar maƙwabcinsa. Ƙwayar da ake kira Linux wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta ta a 1991, ya kuma bar ta a buɗe ga duk mai son ya karanta ko ya gyara. Daga ƙarshen 2017, manyan kwamfutoci 500 da suka fi sauri a duniya duka da ita suke aiki.

Duk lokacin da ka buɗe wani abu a wayarka, ko WhatsApp ko na'urar ɗaukar hoto, ƙwaya takan ɗauke shi a matsayin aiki mai gudana, ta buɗe masa kati. A katin akwai lambar aikin, da wanda ya tayar da shi, da halin da yake ciki, da sunansa. Ita na'ura lamba ta ishe ta. Sunan kuwa don ɗan Adam aka sa shi, domin mai gyara ya duba jeri ya gane wane ne wane. Wurin da aka keɓe wa wannan suna gurbi 16 ne, kowane gurbi yana ɗaukar harafi ɗaya na boko. Gurbin ƙarshe ba na harafi ba ne: nan ake sa sifiri, alamar da ke gaya wa mai karatu cewa suna ya ƙare, ya tsaya. Ke nan haruffa 15 ne rabon kowane aiki.

Wannan ƙa'ida ba rowa ba ce. Idan katuna duka girmansu ɗaya, ƙwaya ta san inda kowane bayani yake ba tare da lalube ba. Kuma sau da yawa a lokacin tsanani ake buƙatar sunan. Misali, idan wurin ajiya ya cika maƙil, ƙwaya takan zaɓi wani aiki ta kashe shi domin sauran su rayu, ta kuma rubuta sunansa a littafin abin da ya faru. A irin wannan hali ba ta da sukunin zuwa neman suna a wani wuri mai nisa. Dole ya kasance a hannu.

Amma sunaye sun yi ta ƙara tsawo. Masu amfani da Firefox a kan Linux sukan ga wani aiki mai suna «Isolated Web Co», an datse masa wutsiya. Android kuma yakan riƙe wutsiyar ya yar da kai, shi ya sa aikin da cikakken sunansa «com.android.systemui» yakan fito a matsayin «ndroid.systemui». Wannan abin murmushi ne kawai. Inda abin ya zama babba shi ne idan datsewar ta mai da sunaye biyu ɗaya. A 2021 wani masani mai suna Yafang Shao yana rubuta wasu ayyuka na cikin ƙwaya, ɗaya ga kowace ƙwaƙwalwar sarrafawa ta babbar kwamfuta, ya sa masu suna «cfs_migration/» tare da lamba a ƙarshe. Sunan shi kaɗai ya cinye gurbi 14, saura ɗaya. Sai ga na 10 har zuwa na 19 duka sun fito da suna guda, «cfs_migration/1», irin na na ɗaya. Mai gyara da ke neman wanda ya sami matsala, wanne zai kama? Kuma akwai umarnin da ake kashe aiki da shi ta hanyar kiran sunansa. Suna ɗaya a kan ayyuka da yawa hanya ce ta hukunta wanda bai ci ba bai sha ba.

Me zai hana a goge 16 a rubuta 24?

Wannan ita ce shawarar da Yafang Shao ya fara kawowa: a ƙara gurbin daga 16 zuwa 24. A ido, gyaran lamba ɗaya ne a layi ɗaya. Amma mu ɗauki misali daga abin da muka sani. A ce wata safiya hukuma ta sanar cewa tiyar awon hatsi ta ƙara girma da rabi. Ƙera sabuwar tiya ba wuya, maƙeri zai gama kafin azahar. Wuyar tana wajen wanda ya ci bashin tiya 20 tun bazara, da matar da ta san tiya nawa ke ciyar da gidanta a mako, da ɗan kasuwar da ya ɗinka buhunansa daidai da tsohon awo, da mai saye daga Daura da bai ji sanarwa ba. Ma'auni da jama'a suka daɗe suna hulɗa da shi ya riga ya zama alkawari. Haka lambar 16 ta zama a Linux: cikin shekaru 30 an kwafe ta a wurare barkatai, a cikin ƙwaya da wajenta, wasu ma sun rubuta 16 ɗin tsurarta ba tare da nuna daga inda suka samo ta ba.

Haɗarin farko shi ne ambaliya. Idan wani ɓangare ya tanadi kwano mai gurbi 16, aka juye masa suna mai 24, ragowar 8 ba ƙasa za su zube ba, a kan bayanin da ke maƙwabtaka za su hau su danne shi. Ta irin wannan ƙofa ɓarayin zamani suka saba shiga. A watan Nuwamba na 1988 wani ɗalibin Jami'ar Cornell ta Amurka, Robert Morris, ya saki wani ɗan tsari mai yaɗa kansa da ya durƙusar da dubban kwamfutoci, kuma ɗaya daga cikin dabarunsa ita ce cika kwano har ya yi ambaliya.

Haɗari na biyu shi ne ɓatan alamar tsayawa. A ce mai kwafa ya yi hattara, ya ɗebi 16 kawai daga cikin 24. To, sifirin ƙarshe fa? An bar shi a baya. Mai karatu zai wuce iyakar suna yana ta karantawa, ya shiga gonar wani, har sai ya ci karo da wani sifiri. Abin da ya kwaso a hanya yana iya zama sirrin da bai kamata ya fita daga ƙwaya ba. Haka nan idan suna gajere ne aka bar sauran gurabun ba a share ba: tsohon rubutun da ke ciki sai ya bi suna ya fita waje.

Haɗari na uku ya fi ɓoyuwa. Akwai takardun da ƙwaya ke miƙa wa manhajojin waje, waɗanda aka yi yarjejeniya a kan fasalinsu: gurbi kaza na farko lamba ce, na gaba suna ne, na bayansa wani abu ne. Rahoton da ake ajiyewa idan aiki ya faɗi, domin masu bincike su gano dalili, yana da wurin suna mai gurbi 16 daidai. Ka faɗaɗa suna a irin wannan takarda, duk abin da ke bayansa ya gusa. Tsohuwar manhaja za ta je inda ta saba samun lamba ta tarar da haruffa, ta karanta su a matsayin lamba, ba tare da ta yi ko tari ba. Kuskuren da ke ihu ana saurin kama shi. Wanda ke tafiya shiru yakan daɗe yana ɓarna.

A nan ne dokar da Torvalds ya fi tsananta a kai take shigowa: duk gyaran da aka yi wa ƙwaya, idan ya hana manhajar da ke aiki jiya yin aiki yau, to gyaran ne ke da laifi, kuma shi za a janye. Ba a cewa mai manhaja ya je ya gyara tasa, domin wataƙila ya rasu, wataƙila kamfaninsa ya rufe, alhali wani asibiti ko banki yana nan yana dogaro da ita.

Yadda aka warware

Bayan an yi ta bitar shawarar ana mayar wa mai ita, sai aka sauya hanya. Matakin farko shara ce. Aka bi ɓangarorin ƙwaya ana neman inda aka rubuta 16 tsurarta, ana mayar da su ga ma'auni guda mai suna, domin ranar da za a taɓa shi a san duk wanda abin zai shafa. Aka kuma gyara hanyoyin kwafar suna yadda kullum za su rufe da sifiri, su share gurabun da suka rage. Mataki na biyu: aka bar tsohon gurbi yadda yake, aka buɗe wa ayyukan cikin ƙwaya wani wuri dabam inda ake ajiye cikakken sunansu idan ya wuce haruffa 15. Mai son cikakke ya tambaya a ba shi. Tsohuwar manhaja kuma ta ci gaba da samun gajeren da ta saba. Wannan gyara ya fito a Linux 5.17, a watan Maris na 2022. Kafin nan, a 2018, wani masani mai suna Tejun Heo ya riga ya share fage, inda ya sa ana nuna wasu ayyukan ƙwaya da suna mai kai wa gurbi 64 a wurin nuni, ba tare da an taɓa katin ba. A 2025 an sake gabatar da shawarar ba sauran ayyuka dogon suna, ita ma aka yi ta bitar ta sau da yawa, kuma har cikin wannan shekarar lambar 16 tana nan a wurinta.

Wani zai ga wannan a matsayin jan ƙafa. Ni kuwa ina ganin hali ne na magini da ya san sana'arsa. Idan iyali suka yi yawa, ba ya ture bangon da ke ɗauke da azara domin ɗaki ya ƙara faɗi. Sabon ɗaki yake ginawa a gefe, ya huda ƙofa tsakani.

Kuma ba Linux ne ya fara wannan dabara ba. Waɗanda suka taɓa aiki da kwamfutocin ofis na zamanin MS-DOS sun tuna cewa sunan takarda ba ya wuce haruffa 8, sai ɗigo, sai wasu 3. Da Windows 95 ya fito a 1995 ya ba da damar suna mai kai wa haruffa 255, amma bai yar da tsohon tsari ba. Kowace takarda sai ta sami suna biyu, dogo na mutane da gajere na tsofaffin manhajoji, kuma idan gajeru biyu za su zo ɗaya sai a bambanta su da lamba. Ku duba fasfo ma. A ƙasan shafin hoto akwai layi 2 masu gurbi 44 kowanne, waɗanda na'urar filin jirgi ke karantawa. Gurbi 39 ne rabon suna a ciki, kuma hukumar jiragen sama ta duniya ta shimfiɗa ƙa'idar yadda za a gajarta shi idan ya yi tsawo. Cikakken sunan yana sama, inda idon jami'i ke gani, ga kuma lambar fasfo da ranar haihuwa suna raba masu suna ɗaya.

Haruffanmu masu lanƙwasa

Akwai wani ɓangare na wannan magana da ya shafe mu fiye da Bature. Na ce kowane gurbi yana ɗaukar harafi ɗaya, amma wannan gaskiya ne ga haruffan Ingilishi kawai. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙiro a 1992 kuma ya mamaye intanet, haruffanmu ƙ da ɗ da ɓ da ƴ kowanne gurbi 2 yake ci. Haka ma é da è na Faransanci. Ita kuwa ƙwaya gurabu take ƙirgawa, ba haruffa ba. A ce wani matashin Damagaram ya rubuta manhaja ya sa mata suna «lissafin maƙera». Haruffa 15 ne cif idan an haɗa da tazara, amma gurbi 16 suke nema, don haka «a» ta ƙarshe za ta faɗi. In ya sa mata «takardun masu ƙasa», wuƙar za ta sauka ne a tsakiyar ƙ, ta bar rabin harafi da ba ya karantuwa a kowane harshe.

Duk mai aika gajeren saƙo ta salula yana iya gwada makamancin haka da kansa. Saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160. Ka sa ƙ guda a ciki, sai waya ta koma wani tsarin rubutu, iyaka ta sauko zuwa 70, domin waɗanda suka tsara jerin haruffan saƙo a Turai ba su sa namu a ciki ba. Ƙasarmu ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a 1999, da ƴ ɗinta da sauran masu lanƙwasa, amma takardar hukuma ba ta isa ta faɗaɗa gurbin da wani ya riga ya auna a wata nahiya ba.

Abin da ya rage gare mu

Nijar ta yi sabuwar dokar etasibil a 2019, kuma rajistar masu zaɓe ta 2020 ta ɗauki hoto da zanen yatsu. Littattafan da sakatarori ke cikawa da alƙalami a ma'aikatun magajin gari sannu a hankali suna komawa cikin kwamfuta. A littafi, idan suna ya yi tsawo, sakatare yakan matse rubutu ko ya gangara gefen shafi. Kwamfuta ba ta san wannan ladabi ba. Abin da aka auna mata shi take ɗauka.

Sunayenmu kuwa dogaye ne, rubutun Faransanci kuma yana ƙara masu tsawo. Abdourahamane shi kaɗai haruffa 13 ne. Mu ɗauka, a misali, wani ya tsara rajista mai gurbi 15, ga yara biyu a aji ɗaya, kowanne Mahaman Laouali, ɗaya ɗan Abdou ɗaya ɗan Issoufou. Sunan yanka da laƙabinsa sun cinye gurabun duka, sunan uba da ke raba su ya faɗi waje. Ranar jarrabawa, ko ranar rabon gado, ko ranar da ɗaya ya ci bashi, sai a nemi wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. A ƙasar da rabin gari ke amsa Mahamadou da Aboubacar da Hadiza, wutsiyar suna ita ce mai shaida.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya dace hukumomi da matasanmu masu rubuta manhaja su ɗauka daga mutanen Linux. Tun ranar farko a auna gurbin suna da sunayenmu na gaske, mafiya tsawo, da haruffanmu masu lanƙwasa, kada a aro awon wata ƙasa. A ba kowane mutum lamba tasa, kada suna shi kaɗai ya zama abin rarrabewa. Idan dole a gajarta, na'ura ta faɗa a fili cewa ta gajarta, kuma cikakken sunan ya kasance a ajiye. Idan kuma tsari ya riga ya kafu aka ga ya yi ƙunci, kada a faɗaɗa shi dare ɗaya: a fara lissafa duk ofishin da ke karɓar bayani daga gare shi, lakkwal da asibiti da kotu da banki, a buɗe sabon gurbi kusa da tsohon, a bar su biyun suna tafiya tare har kowa ya ƙaura. Duk ɗan kwangilar da ya ce gyaran lamba ɗaya ne kawai, a tambaye shi wa da wa ke karanta wannan lambar.

Mu kuma talakawa namu aikin bai fi ƙarfinmu ba. Uban da ya je karɓar takardar haihuwar ɗansa, ko katin ɗan ƙasa, ya tsaya a karanta masa sunan tun daga farko har ƙarshe kafin ya bar ofis, ya kuma gwada shi da abin da ke sauran takardun gidan. Malamin lakkwal ya yi haka ga jerin ɗalibansa kafin ya aika da shi Damagaram. Gyaran da za a yi a teburin sakatare cikin minti 5, idan aka bari ya shiga na'ura ya yaɗu, sai an haɗa da alƙali da shaidu da kuɗin mota. Ranar suna an tara jama'a, an yanka rago, liman ya faɗi sunan yaro cikakke kowa ya ji. Haƙƙinsa ne takarda ma ta riƙe shi haka.